Kawun da Ya Karanta Hantar Ɗiyata

Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu tafiya a watan Shawwal ɗin da ya wuce. A zaman makoki na lura kowa guntun Kawu ya riƙe, kuma in ba a tara guntayen ba, nan gaba abin da zai rage kawai shi ne wai wani tsohon likita ya taɓa zama a unguwarmu ta Gure. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mahauta ne suka fara zuwa gaisuwa bayan an dawo daga maƙabarta. Maigidana ya ba ni labari cewa sarkin fawa ya durƙusa a bakin zaure, ya yi addu'a, sannan ya dubi mazan gida ya ce, "To, yanzu kuma wa zai riƙa ɓata mana ciniki?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, sai ya ja bakin rawani ya rufe fuskarsa. Wani dattijo da ya zo daga Gamu ya ɗage ƙafar wandonsa a gaban jama'a, ya ce ba don mamacin ba da tuni an tsaga wannan ƙwauri a banza. Washegari mota ta iso daga Yamai da likitocin da ya koyar. Ɗaya daga cikinsu, mace mai furfura, ta shigo cikin gida wurinmu mata, ta zauna a tabarma ta ce, "Ya sa ni kuka a labo ba sau ɗaya ba. Amma har yau in na rasa gane abu, muryarsa nake ji yana cewa in sake dubawa."

Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta ce mata mutuwar ta zo ba zato, sai ta girgiza kai. "Ai ya faɗa mini yadda za a yi," in ji ta. "Haka kuwa aka yi."

Mutanen Gure ba su taɓa gane aikinsa sosai ba. Likitan da ba ya allura suke ce masa. Aikinsa a Yamai shi ne, in likitan tiyata ya yanko ɗan nama daga jikin majiyyaci, ƙari ne ko hanta ko hanji, sai a kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. A daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi, a rina shi, sannan Kawu ya sa a madubin da ke ƙara wa abu girma ya faɗi cutar. Yawancin waɗanda ya ceta ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, bai iya barin halin ba. Ko ciwon kai ka kawo masa, amsarsa ta farko ɗaya ce: "Bari in gani tukuna."

Rashin madubi ne ya kai shi wurin mahauta. Da safe yakan tafi inda ake yanka, ya tsaya da sandarsa har a fito da kayan ciki, ya ce a miƙo masa hanta da huhu. Na taɓa raka shi. Aka ba shi huhun wata tsohuwar saniya, ya laluba da yatsa, ya karɓi wuƙa ya yanka wani ɗan kumburi. Wuƙar ta yi ƙaras kamar ta haɗu da tsakuwa.

"Kin ji?" ya ce. "Alli ne. Irin sinadarin da ke cikin ƙashi. Duk inda nama ya mutu ko ya daɗe da rauni, jiki yakan zuba masa shi. Jinin saniyar nan ba shi da laifi, wurin ne ya lalace."

Na tambaye shi ko ko da yaushe haka yake. Ya ce a'a, akwai iri na biyu, inda allin ne yake yin yawa a jini har ya rasa masauki, sai ya sauka a ƙoda ko huhu ko bangon ciki, wuraren da lafiyarsu ƙalau. "Na farko laifin wuri, na biyu laifin jini. In kika riƙe wannan, kin fi wasu ɗalibaina." Sannan ya juya ga mahaucin ya ce wannan huhu na tarin fuka ne, a kira ma'aikacin dabbobi ya duba sauran naman kafin a sayar. Mahaucin ya yi ta mita, amma ya aika aka kira.

Dattijon nan na Gamu kuwa, ciwon ƙafa ne ya kai shi likita aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, hoton ya fito da wani farin zare a nannaɗe cikin ƙwaurinsa. A ƙauyensu aka ce jifa ne, wayar ƙarfe ce aka tura masa, har an sami wanda zai tsaga ya ciro. Wani ya ce ya fara nuna wa Kawu. Kawu ya ɗaga hoton ga rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, kana saurayi ka yi kurkunu?"

"Wa bai yi ba a lokacinmu?"

"To ga ɗaya nan da bai fito ba. Ya mutu a ciki, jikinka ya lulluɓe shi da alli ya ajiye. Ba ya cin ka, ba ya shan ka. Ciwon da kake ji daga gwiwa yake, tsufa ne. Kada ka bari a taɓa shi."

Ni kuwa abin da ke tsakanina da Kawu ya fi wannan nauyi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma ɗan baffana nake aure. Tare muka tashi, mu muka zaɓi juna. Ɗanmu na fari ya zo da ƙaton ciki da kumatu cike, kowa na yaba ƙibarsa. Bayan yaye ya fara suma, musamman in ya daɗe bai ci ba. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ke taɓa masa kai. Wata damina ya yi amai ya ƙi abinci, ya suma, bai farfaɗo ba. Lokacin Kawu yana Yamai. Da ya zo gaisuwa ya yi mini tambayoyin da na ga ba su dace da mai makoki ba: wane lokaci yaron ke suma, yana gumi ko ba ya yi, cikin ta wane gefe ya fi tauri. Na amsa ina jin haushinsa.

Da aka haifi ɗiyata, Kawu ya riga ya dawo Gure. Tana wata na bakwai cikinta ya fara tasowa. In ta yi barci mai tsawo sai ta farka jiƙe da gumi, jiki na rawa, tana numfashi da sauri. Surukata ta ce saifa ce, ta aika a kira wanzami ya yi mata tsaga a ciki. Wanzamin ya shimfiɗa kayansa ke nan Kawu ya yi sallama. Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da wanzamin, ya ce ya ɗan dakata, ya kwantar da yarinyar a cinyarsa ya bi cikin da tafin hannu.

"Ba saifa ba ce," ya ce. "Saifa tana hagu. Wannan hanta ce, ta sauko har kusa da cibiya. Kuma masu irin wannan jininsu ba ya tsayawa da wuri. In ka tsaga, za mu sha wuya."

Wanzamin da kansa ya naɗe kayansa. Cikin makon muka hau motar kar zuwa Yamai, ni da maigidana da Kawu.

A can aka auna jininta bayan ta ɗan jima ba ta sha nono ba, aka ga sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Bayan an shirya ta, aka ɗebo ɗan tsinken hanta da allura. Ranar da sakamako ya fito, Kawu ya roƙi ɗalibarsa, wannan mai furfurar da ta zo gaisuwa, ta bar ni in shiga labo. Ya zaunar da ni gaban madubi ya ce in rufe ido ɗaya in ya fi mini sauƙi. Na ga wasu ƙananan ɗakuna jere, a kumbure, sun matse juna, duk sun rinu ja mai shuɗi-shuɗi.

"Waɗannan ƙwayoyin hantar ɗiyarki ne," ya ce. "Jan nan da kike gani sukari ne da aka ɗaure aka ajiye. Gilikojin muke ce masa."

Ya sa wani gilashin. Ɗakunan nan ne dai, amma jan ya tafi, sun zama fanko. Ya ce wannan an fara wanke shi da wani sinadari mai narkar da gilikojin kafin a rina, kuma ɓacewar launin ita ce shaida. Sai ya yi ɗan murmushi. "Lokacin da muke koyo, in sinadarin ya ƙare, yawu muke tofawa a kai mu jira. Abin da ke cikin yawu shi ke narkar da tuwo a bakinki, shi ke narkar da wannan." Ɗalibarsa ta ce kada ya koya wa yaranta ƙazanta. Ya ce ai da ƙazantar aka yaye ta.

A kan benci a waje ya yi mana bayani, ni da maigidana. Ya ce hanta rumbu ce. In mutum ya ci abinci, sai ta tara rarar sukari. In ya ji yunwa, sai ta buɗe ta zuba wa jini. Ita ɗiyarmu rumbunta yana karɓa amma ba ya fitarwa, don an haife ta babu sinadarin da ke buɗe ƙofar. Shi ya sa hantar ke ta girma ita kuwa tana suma da yunwa. Ya ce cutar iri-iri ce: akwai wadda ke taruwa a naman jiki, mutum ya riƙa jin ɗaurewar tsoka in ya yi gudu, akwai wadda ke cika zuciyar jariri. Madubi ya nuna taruwar, amma bai isa ya faɗi ko wace iri ce ba, sai gwajin da ba a yi a ƙasarmu. Alamominta dai sun fi kama da iri na farko, kuma a kan haka za a riƙe ta.

Na ce, "Kawu, abin da ya kashe yayanta ke nan?"

"Ina zato."

"Da an gane, da ya rayu?"

"Wataƙila. Ban sani ba."

Haka yake. Ba ya ƙara wa magana zuma don ta shiga. Na daɗe kafin in gane cewa wannan halin ne ya sa in ya ce kada in ji tsoro, nake daina ji.

Maganin ba na faramasi ba ne. Kada ta daɗe ba ta ci ba, dare ko rana. Da ta ƙara wayo aka fara ba ta sitacin masara na kwali, ɗanye, a dama da ruwan sanyi, don shi a hankali yake narkewa ya riƙe jini. Aka hana ta sukarin shayi, da rake, da dabino, da zuma, aka rage mata nono. A garin da kwaruruwansa ke cike da dabino, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne ga yarinya. Kawu yana da ƴar garkar dabino a wajen Gidigir, kuma kafin nan ba a raba aljihunsa da dabino. Daga shekarar bai sake ci ba, shayinsa ma ya koma ba sukari. Da matarsa ta ce ai yarinyar ba ta ganinsa in yana ɗakinsa, sai ya ce bakinsa ya riga ya saba. Wata shekara sitacin ya yanke a kantunan Gure, ya shiga mota da kansa har Damagaram ya dawo da katan a kan cinya. Shi ne kuma yake tuna mana lokacin kai ta eko, wato hoton cikin jiki, a duba ƙodarta, don masu wannan cuta, alli kan taru musu a can, ya kuma hana a bar ta da ƙishirwa.

Amaryata yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ita kuwa ta ce ba ta son tsoho mai zuwa mahauta yana shinshina huhu.

Rigimarsa da Baba, mahaifina, daga nan ta taso. Ranar wani suna ne, dangi sun taru a zauren Baba, wani ya tambayi Kawu daga ina irin wannan cuta take zuwa. Da wani ne, da ya ce sai an watse. Kawu ya amsa a nan take. Ya ce gado ce, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye take bayyana ga ɗa, kuma hakan ya fi faruwa in kakansu ɗaya.

Baba ya ajiye goron da ke hannunsa. "Kana nufin jinin gidanmu ne mai cuta?"

"Kowane gida yana ɗauke da wani abu. Naku wannan ne."

"Iyayenmu da kakanninmu haka suka yi aure, ga mu nan garau."

"Ku da kuka rayu, e. Ka tambayi tsofaffin matan gidan nan yara nawa aka binne da kumburin ciki."

Baba ya tashi ya shige cikin gida. Daga ranar, shekara da shekaru, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a bakin masallaci. Baba bai taɓa hana a yi wa jikarsa abin da aka ce ba, amma bai taɓa kiran sunan cutar ba, kuma in lokacin sitacinta ya yi yana wurin, sai ya sami abin da zai fitar da shi. Na roƙi Kawu ya ba shi haƙuri. Ya ce in akwai kuskure a maganarsa a nuna masa ya janye. Na ce ba maganar ba ce, wurin ne. Ya ce, "Wannan kam." Amma bai je ba.

Mu kuwa ya kira mu gefe ya ce kowane ciki da zan ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da cutar. Maigidana ya ce to me za mu yi. Kawu ya ce, "Wannan ba aikin madubi ba ne. Ku biyu za ku zauna." Muka zauna. Autarmu ta zo lafiya lau.

Nasa ciwon shi ya fara ganowa. Ya lura hawan tudun yashin da ke tsakanin masallaci da gidansa ya fara sa shi haki, ya ɗauko abin sauraron ƙirjinsa ya ɗora wa kansa. Eko a Damagaram ya tabbatar: ƙofar da jini ke fita daga zuciyarsa ta yi tauri da alli, ta tsuke. "Irin wanda na nuna miki a mahauta," ya ce mini. "Laifin wuri. Ƙofa ce da ta yi ta buɗewa da rufewa tun kafin a haifi uwarki." Ɗalibansa suka so a fitar da shi waje a canza ta. Ya auna shekarunsa da ƙarfin jikinsa ya ce ba zai je ba. Ya zaunar da matarsa ya faɗa mata abin da za ta gani: haki, ciwon ƙirji, jiri, kuma mai yiwuwa wata rana ya tafi farat ɗaya. Likitansa ya rubuta masa magunguna ya kuma hana shi azumi. Kawu ya karɓi magungunan, ya yi kunnen ƙashi da sauran.

Azumin bana ɗiyata ta zama budurwa, ko da yake tsayinta bai kai na ƙawayenta ba. Liman ya daɗe da faɗa mana cewa azumi bai hau kanta ba, ciyarwa za a yi. Ita ma ta sani. Amma a ajinsu ita kaɗai ke fita ta sha abu, har wasu suna ce mata jaririya. Rana ta uku ta zubar da sitacinta a bayan aji ba wanda ya sani. Kafin azahar ta faɗi. Aka kwashe ta zuwa likita aka ɗaura mata ruwan sukari, Allah ya sa ta dawo.

Kawu ya zo a kan kabu-kabu, leɓensa a bushe, ya daɗe a bakin ƙofa yana maida numfashi kafin ya shiga. Ya zauna a gefen gadon.

"Amaryata, so kike ki bar ni gwauro?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juya fuska ga bango.

"Kin san hantarki ba ta buɗewa. Allah da ya yi ki haka shi ya ɗauke miki. Wa kike so ki burge?"

Sai ta juyo. "Kai ma likita ya hana ka. Ga shi kana yi. Kai wa kake so ka burge?"

Na buɗe baki zan tsawata mata, Kawu ya ɗaga mini hannu. Shi mutum ne da tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba.

"Gaskiyarki," ya ce. "Gobe in an tashi lakwal ki biyo ta gidana."

Washegari bai ɗauki azumi ba, bai kuma sake ɗauka ba har watan ya ƙare. Kullum da rana tana biyawa, matarsa ta kai musu abinci ɗaki, su saki labule su ci tare, shi ya haɗiye magungunansa a kan lokaci, ita ta sha sitacinta. Ya auni gero daga rumbunsa ya ciyar a madadinsu su biyu. Da wani maƙwabci ya yi masa tsiya, ya ce, "Ni da amaryata marasa lafiya ne, mun karɓi sauƙin da aka yi mana."

Bayan ƙaramar salla da ƴan kwanaki, yana dawowa daga sallar la'asar, ya kai rabin tudun nan ya zauna a dakalin maƙwabcinsa. Ya ce, "Bari in huta." Maƙwabcin ya shiga ɗebo masa ruwa. Kafin ya fito, Kawu ya jingina da bango ya cika.

Bayan an share makoki na kai yaran gaida Baba. Muna zaune a zaurensa aka yi maganar Kawu, sai ɗiyata ta ce, ba da kowa take ba, "Baɗi ban san da wa zan ci ba."

Baba ya yi ta jan carbinsa kamar bai ji ba. Can ya ce, "Ni Allah ya ba ni lafiyar azumi, ba zan ci ba. Amma ki kawo kwanonki nan, in zauna da ke har ki gama." Ya juyo gare ni. "Garin nan nata, da ruwan zafi ake damawa ko na sanyi?"

"Na sanyi, Baba. Ba a dafawa."

"To," ya ce. "Ki nuna mini."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya saka masa da abin da idonsa ya gano wa bayin Allah, ya yalwata masa makwanci. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.